Kwana biyu a kan kwamfutocin da suka ƙi shiga domen a ƙasar Ringim

A tsakiyar hunturu aka kira ni wata ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta da ke wani gari a ƙasar Ringim, inda ɗalibai ke gwajin amsa tambayoyi kafin jarrabawar JAMB. Cibiyar tana da kwamfutoci 18 da uwar garke ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, mai ɗauke da Windows Server 2016, wadda wani ma'aikaci da ya riga ni ya kafa wa domen, wato tsarin da ke haɗa kwamfutocin ƙarƙashin kulawar uwar garken, domin kowane ɗalibi ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa a duk kujerar da ya zauna. Shida sun shiga domen tun da farko, sauran 12 ɗin da Alhaji mai cibiyar ya sayo daga baya kuwa suka ƙi, kuma saƙon yawancinsu iri ɗaya ne, wato ba a iya samun mai kula da domen ba.

Matashin da ke kula da ɗakin ya tarbe ni da cewa: "Malam, wallahi intanet na aiki a kowacce, ka duba ka gani." Na duba, na ga shafuka suna buɗewa, na aika ping, wato saƙon gwada ko na'ura za ta amsa, zuwa adireshin uwar garken, 192.168.1.10, ta amsa ba tare da jinkiri ba. Daga nan na yanke hukuncin da ya cinye mini yini guda: tunda waya lafiya, suwic lafiya, to laifin na uwar garken ne. Na kashe katangar tsaro na sake kunnawa, na bi ayyukan Active Directory, manhajar da ke tafiyar da domen, ɗaya bayan ɗaya, har bayan la'asar na fara shawarar goge komai in sake kafa domen daga tushe. Abin da ya tsayar da ni shi ne batirin sola ya fara kuka, kuma Alhaji ya ce babu man janareta sai gobe. Da akwai mai a ranar, da na rushe aikin da ba shi da laifin komai.

Washegari da safe na fara da abin da ya kamata in fara da shi jiya, na buga ipconfig /all, umarnin da ke nuna saitin sadarwar kwamfuta, a ɗaya daga cikin masu taurin kan. Adireshinta daidai yake da layin cibiyar, amma a gurbin DNS, tsarin da ke fassara suna zuwa adireshin lamba, sai na ga 192.168.1.1, wato adireshin rautar da aka sayo domin intanet, ba na uwar garken ba. Kwamfuta mai son shiga domen ba ta neman uwar garke da lamba. Tambayar DNS take yi, tana neman wani rikodi nau'in SRV mai farawa da _ldap._tcp.dc._msdcs, wanda shi ke faɗa mata wace na'ura ce mai kula da domen ɗin. Wannan rikodi yana zaune ne a DNS ɗin uwar garken kaɗai. Rauta kuwa ba ta san da zamansa ba, tana miƙa tambayar ga kamfanin sadarwa, a can ma a ce ba a san wannan suna ba. Lamarin kamar baƙon da ya iso gari yana neman gidan mai unguwa, sai ya tari direban da ya kawo shi da tambaya, alhali ga 'yan gari zaune a gindin bishiya. Ping ya yaudare ni ne saboda lamba na ba shi, bai buƙaci tambayar kowa ba. Da na gwada nltest /dsgetdc, umarnin neman mai kula da domen, tare da sunan domen, sai ya dawo hannu rabbana.

Sauran bayanin ya fito daga bakin matashin, wanda ya tuna cewa shidan farko an shigar da su kafin a kawo rautar. Ita rautar ta zo daga kanti da DHCP, tsarin raba wa kwamfutoci adireshi, a kunne, uwar garken ita ma tana raba adireshi, sai aka samu masu rabo biyu a ɗaki ɗaya, duk wanda ya riga amsawa shi kwamfuta ke bi, kuma a ɗakin nan rautar ce ta fi yawan yin nasara. Wannan ne ma dalilin da ya sa ko shidan nan wani lokaci suke daɗewa kafin su karɓi kalmar sirri, abin da ake ɗora wa tsufa. Na kashe DHCP na rautar, na tabbatar zaɓi na 003 a DHCP na uwar garken yana nuna rautar a matsayin ƙofar fita, na 006 kuma yana nuna uwar garken kanta a matsayin DNS, sannan na sa mata masu miƙa tambaya domin sunayen waje su ci gaba da buɗewa. Matashin ya so mu ƙara 8.8.8.8, DNS ɗin Google, a matsayin DNS na biyu a kowace kwamfuta don ko-ta-kwana, na hana shi, domin duk ranar da Windows ta juya gare shi cutar jiya ce za ta dawo. Bayan na sabunta saitinsu da ipconfig /release da /renew da /flushdns, shida daga cikin 12 ɗin suka shiga cikin ƙasa da awa ɗaya.

Huɗu kuma suka canja waƙa, suka ce akwai bambancin lokaci tsakaninsu da uwar garken. Kerberos, tsarin da domen ke tantance mutane da shi, ba ya yarda da tazarar da ta wuce minti 5 in ba a sauya saitinsa ba. Uku daga cikinsu tsofaffin kayan Beljiyam ne, ƙaramin batirin da ke riƙe musu agogo, CR2032, ya mutu, kuma da yake kullum da yamma ana kashe wutar ɗakin gaba ɗaya don a huta wa inbata, duk safiya sai su farka a wata shekara da ta daɗe da wucewa. Sai da aka tura ɗan acaɓa cikin Ringim wurin mai gyaran agogo kafin a samo batiran. Ta huɗun ce ta fi ba ni wahala, domin agogonta yana nuna daidai da na hannuna. Ashe an bar ta a kan shiyyar lokacin yammacin Amurka, wani ya juya agogon da hannu har ya dace da namu, alhali Kerberos da lokacin UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, yake aiki, Najeriya kuma tana gabansa da awa ɗaya. A idonmu lokaci daidai ne, a lissafin uwar garken kuwa akwai tazarar awa 9.

A nan ne na tuna da fayil ɗin NetSetup.log da ke cikin C:\Windows\debug, inda Windows ke rubuta duk matakin da ta bi wajen shiga domen da inda ta tsaya. Na buɗe na kwamfutar farko don in ga abin da na tsallake, sai ga gazawar neman mai kula da domen a rubuce tun yunƙurin farko, makonni kafin zuwana. Tun daga wannan aiki, shi da ipconfig /all nake fara dubawa kafin in taɓa uwar garken kowa.

Biyun ƙarshe kwamfutocin cinya ne masu ɗauke da Windows 10 Home, wadda Microsoft ba ta sanya mata damar shiga domen ba ko kaɗan, sai Pro ko Enterprise ko Education. Na shaida wa Alhaji cewa waɗannan ba gyara suke buƙata ba, lasisi ne. Ya tambayi kuɗin, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Malam, a bar su a ofis a riƙa buga takardu da su." Na rubuta adireshin uwar garken da na rautar a takarda, tare da gargaɗin kada wanda ya danna maɓallin mayar da rautar yadda ta zo daga kanti, na manna a jikin bango sama da suwic, sannan na kama hanyar tasha kafin motocin Kano su ƙare.