Jar akuyar Inna

Yau Talata. Barcina bai kai awa huɗu ba, kuma jar akuyar Inna ce ta ja.

Wajen ƙarfe uku na dare ta fara. Ba kukan yunwar nan da muka saba ba, wani kuka ne mai tsawo, tana fizgar igiya har turken yana motsi. Kaji suka ɗauka, karen maƙwabta ya amsa ta bayan katanga. Ina kwance a tsakar gida saboda zafi, sai na ji kamar ƙasa ta ɗan motsa ƙarƙashin tabarma. Ko ta motsa, ko tsoro ne, oho. Na daka wa akuyar tsawa, na juya na ci gaba da barci.

Da safe muna shan koko Inna ta ce, "Ke, wagga akuya ba ta kuka banza. Dabba na jin abin da mutum bai ji." Daidai nan Yaya Bello ya shigo gaisuwa. Kun san shi, tunda ya taɓa koyar da labarin ƙasa, ba a irin wannan zance ya wuce.

"Inna, kina da gaskiya, amma rabi," in ji shi, ya ja kujera. Ya ce a girgizar ƙasa, in dutse ya tsage can ƙarƙashin ƙasa, motsi iri biyu ke tasowa. Na farko ya fi sauri amma ba shi da ƙarfi, mu da ƙyar muke jin sa. Na biyun ne ke biyowa ya kada gini. Dabba kuwa ƙafarta na ƙasa, kunnenta ya fi namu, takan ji na farkon. Ya ƙwanƙwasa gefen tire da yatsa, kokon da ke kofina ya yi rawa. "Kin gani? Amma tsakaninsu 'yan daƙiƙoƙi ne, ba kwana ba."

Inna ba ta yarda a kayar da ita haka nan. "To macizan Sin da kai da bakinka ka ba mu labari hwa?"

Ya yi dariya, ya sake bayarwa. A garin Haicheng na ƙasar Sin, cikin sanyin makonnin da suka gabaci Fabrairun 1975, an ba da labarin macizai sun fito daga ramukansu a lokacin da ya kamata suna kwance, sanyi ya daskarar da su. Hukuma ta sa mutane su fita daga gidaje, girgiza mai ƙarfin maki 7.3 ta zo, rayuka da yawa suka tsira. Sai dai ya ce abin da ya fi tayar da hankalin hukuma shi ne ƙananan girgizar da aka yi ta ji kafin babbar. Shekara na zagayowa, a 1976, ta afka wa garin Tangshan, shi ma a Sin, babu gargaɗi, mutum sama da 240,000 suka mutu. "Can ma akwai karnuka da macizai, Inna."

Ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ni kuma na tambaye shi, mu nan fa? Ya ce Najeriya ba ta kan bakin manyan tsagogin ƙasa masu jawo girgiza, amma kar in manta mutanen Mpape a Abuja sun ji ƙasa na rawa a Satumbar 2018, haka Kwoi ta jihar Kaduna a 2016.

Makaranta lafiya. Rabin ajina babu fensir. Tumatir ya ƙara kuɗi, na sayi busasshe.

Da la'asar asiri ya tonu. Nana ta ƙirga 'yan tsaki, ɗaya babu, ga sawun muzuru a bayan akurki. Aka yi ta yi wa Inna dariya, ita ko a jikinta. "Ai na ce muku ba ta kuka banza."

Na yi dariyar tare da su, amma bayan isha'i abin ya dawo mini. Girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023 da ƙarfe 4:17 na asuba ta zo, mutane na tsakiyar barci, sama da 50,000 suka rasu. Sai na riƙa hango wata mata can, kare na haushi a waje, ta ja tsaki ta ce a yi mata shiru, ta juya ta gyara bargo. Kamar dai yadda na yi daren jiya. Kuma da me za ta gane? Akuyar nan tana kuka don yunwa, tana kuka don muzuru, tana kuka in an raba ta da ɗanta. Duk murya ɗaya ce a kunnena.

Nana na gefe tana tilawar Zalzala don gobe, ta maimaita ayar farko ta fi sau goma. Na kasa ce mata ta koma wata surar.

Tsagar da daminar bara ta bari a bangon ɗakina har yanzu ba a liƙe ba. Ɗazu na sa yatsa, ya shige. Na janye shimfiɗar Nana daga jikin bangon zuwa tsakiyar tsakar gida, Inna na kallona ba ta ce komai ba. Akuyar na can kwance tana tuƙa.