Yinin da na yi a tsibirin Tinhosa

Ni makanikin injin kwalekwale ne, a Afafa nake aiki, a Agege nake kwana. Wani aiki ya kai ni ƙasar Sao Tome da Principe, a can wasu masu ƙidayar tsuntsaye suka nemi in raka su Tinhosa Grande, don injinsu yana tari. Da na buga wa Kawu waya na ce tsibiri ne da babu mutum ko ɗaya, sai ya ce, "Yaro, inda ba mutane akwai dalili. Ka riƙe addu'a."

A raina na zana wurin da bishiyoyin kwakwa da farin yashi, irin bakin ruwan Badagiri. Ina da hujja: Principe kanta daji ne kore shar, dab da layin ikweta, ruwan sama ba ya yi mata rowa. Tinhosa kuwa tafiyar kilomita 20 da 'yan kai ce kudu da ita. Me zai bambanta su?

Kwana uku muka yi a garin Santo Antonio na tsibirin Principe muna jiran teku ya kwanta. Masunta suka ce mu gode Allah ba a gravana muka zo ba, wato ranin da suke yi daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da iskar kudu ke tayar da ruwa. Ran na huɗu muka tashi da asuba.

Wari ne ya fara tarbar mu, kafin ƙarar tsuntsaye. Sai ga dutse tsirara, baƙi daga ƙasa, samansa fari fat da kashin tsuntsaye. Ba bishiya, ba rafi, ba inuwar da za ta ishi akuya. Girmansa bai wuce hekta 20 ba, tsayinsa wajen mita 55. Direbanmu ya ce da Fotugisanci sunan yana nufin mai ƙora a kai, na duba na ga wanda ya raɗa sunan bai zalunce shi ba. Dutsen aman wuta ne, ɗan layin da ya haifi tsibirin Bioko da Dutsen Kamaru, ya miƙe har tudun Biu a Borno. Na sha wucewa ta Biu a mota, ban taɓa sanin tana da 'yan uwa a tsakiyar teku ba.

Babu wurin ɗaure jirgi. Sai ka jira igiyar ruwa ta ɗaga kwalekwalen, ka yi tsalle ka kama dutse. Ni da silifas na je, kamar mai zuwa sayen burodi. Ƙafa ɗaya ta tafi da ruwa nan take, dutsen kuma ya yanke ni a diddige.

Da na hau sama na gane ƙarya na yi wa Kawu da na ce ba kowa. Oshodin Legas da yamma ba ta kai nan cunkoso ba. Tsuntsaye ne dubu bisa dubu, mafi yawansu wasu masu baƙin baya da farin ciki da wutsiya mai reshe biyu. Ba sa sheƙa. Ƙwai ɗaya tal uwa ke ajiyewa a kan dutse, launinsa ya saje da wurin, har sai da wata daga cikin masu ƙidayar ta riƙe min hannu ta nuna min ɗaya a gaban yatsana. Ta ce in na tashi uwa daga kan ƙwai na daɗe a tsaye, rana za ta dafa shi. Daga nan tafiyata ta koma ta hawainiya. Ɗan da ya fito daga ƙwan nan, in ya yi fiffike, yakan yi shekaru a sararin teku bai taka ƙasa ba. Akwai kuma wasu manya masu ruwan ƙasa da ke faɗowa ruwa kamar mashi su cafko kifi. Su ne masunta kan zo su kama don nama, ko da yake tun 2006 aka sa tsibiran Tinhosa cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar, ta kare dausayi da mazaunin tsuntsayen ruwa a duniya, ke karewa.

Babban kuskurena ruwa ne. Zaman Legas ya saba min da cewa ko'ina ka juya akwai mai fiyawata, sai na ɗauki gora ɗaya. Kafin azahar ta ƙare. Dutse na ƙuna daga ƙasa, rana daga sama, gishiri ya bushe a leɓe. Tsuntsayen ba ruwansu, ruwan teku suke sha, gishirin ya fita ta hancinsu. Ni sai da na ci arzikin jarkar direba, ina sha yana kallona. Alwala dai da ruwan teku na yi, wannan ya halatta, neman tsabtataccen wurin ɗora goshi ne ya ci min lokaci.

Da na dawo Agege na nuna hotunan a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Kawu ya daɗe yana matso da hoton da yatsunsa, sannan ya ɗago ya ce, "To filin nan duk, ba omo-onile masu karɓar kuɗin fili ko ɗaya?"