Yadda Muka Kai Ƙananan Jirage Taron Fasaha

Asalin sana'ata gyaran waya ce a kasuwar Farm Centre ta Kano. Hannun da ya saba da dalma da siraran wayoyi shi ya ja ni zuwa haɗa jirage marasa matuƙi, waɗanda yara ke kira duron, har na buɗe ɗan shago ni da yarana biyu. Ɗaukar hoton biki da gonaki da filaye shi ke ciyar da mu, amma abin da ya kama mini zuciya shi ne tuƙin FPV. Kyamara ce ƙarama a goshin jirgin, tana aiko da hoto nan take zuwa tabarau ɗin da ka ɗaura a fuska, sai ka ji kamar kai ne zaune a ciki.

Da muka samu rumfa a wani taron fasaha a Abuja, babban jirgina mai farfela inci 5 kan tebur na ajiye shi ba batir. Farfelarsa na tsaga fata, ba a tayar da shi cikin jama'a. Sai muka kewaye gefen rumfar da raga, muka zo da 'yan ƙananan nan masu faɗin milimita 65, waɗanda ke zama a tafin hannu, farfelunsu kuma a cikin zobe suke. Batir ɗaya minti uku zuwa huɗu yake yi, don haka ƙaramin yarona wuni ya yi gaban caja yana lura. Batirin LiPo, irin wanda jiragen nan ke amfani da shi, ba ya son wasa: kowane ɗaki nasa bolt 4.2 ne iyakarsa, in ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta. Bokitin yashi na nan ƙarƙashin tebur tun safe.

Wani dattijo ya daɗe tsaye yana kallo. Na ce, "Baba, bismillah, ku zauna ku gwada." Na ɗaura masa tabarau na biyu, ni ina tuƙi. Da na kutsa da jirgin ƙarƙashin kujera sai ya sunkuyar da kai, ya damƙe hannun kujerarsa yana salati. Ya cire tabarau yana dariya, ya ce, "Ɗana, ashe haka shirwa ke ganinmu!" Daga nan ya shiga tambaya ko zai iya duba garkensa da shi. Na faɗa masa gaskiya: aikin kiwo na irin jirgin kamfanin DJI ne mai tsayawa cak a sama da taimakon GPS. Namu, a tsarin da muke tuƙa shi, yatsunka ne kaɗai ke riƙe da shi. Shi ya sa ba na ba sabon ɗalibi jirgi sai ya gaji da faɗuwa a manhajar koyo ta kwamfuta.

Da rana muka gamu da cikas. Hoton yana tafiya ne a zangon gigahaz 5.8, wani a can wata rumfa ya kunna nasa a tasharmu, hotona ya koma yayyafi, jirgin ya daki raga, wayar injin guda ta cire. Raina ya ɓaci, don da an raba tashoshi tun farko da hakan bai faru ba. Na kunna abin dalma a gaban mutane, sai ga shi taron da ya kewaye tebur ya fi na lokacin tuƙi. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, dama ana gyara shi?" Na miƙa mata, ita ta liƙa wayar, hannunta ko rawa bai yi ba.

Tambayar da ta fi yawa ita ce ta doka, kuma na ji daɗin haka. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tayar da irin waɗannan jirage ba izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A halin da ƙasar nan ke ciki ban ga laifin hakan ba, ko da yake takardun na ba ƙaramin ɗan kasuwa wahala. Masu cewa abin wasan yara ne kuwa, nakan tuna musu cewa tun 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin jihar Kaduna da jirage marasa matuƙi.

Jirage biyu kawai muka sayar a taron. Amma mun dawo Kano da sunayen matasa goma sha ɗaya masu son koyon haɗawa, har da ɗalibar nan, kuma na riga na sayo ƙarin abin dalma guda uku da benci.