Asabar a ɗakin kwamfuta tare da iyayen 'yan aji shida

Asabar, Argungu.

Yau ce ranar da muka sa wa iyayen ɗalibanmu na ajin ƙarshe su zo makaranta, kowa ya riƙo wayar da ake amfani da ita a gidansa. Na fita da sassafe domin in duba ko batirin sola ya kwana da caji. Alhamdu lillahi ya kwana. Kwamfutocin ne dai ba duka suka tashi ba, ƙura da zafi sun kwantar da wasu. Muka goge masu rai, muka jera benci.

Kafin iyaye su iso, mu malamai muka fara zama mu kaɗai, ƙofa a rufe. Shugabar makaranta ce ta kawo wannan shawara, kuma ta yi hangen nesa. Malami yakan jure ƙarancin albashi da cunkoson aji, amma da wuya ya jure ɗalibarsa ta ga hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta. Abin da ke hana da yawa daga cikinmu kusantar ɗakin nan ke nan, ba ƙiwuya ba ce. Yaron da ke bautar ƙasa a wurinmu shi ya ja ragama, kuma ya iya ladabi: "Baba, a danna nan," "Mama, a ɗan sassauta hannu." Ya nuna mana yadda ake zuba makin jarrabawa a Excel ya haɗa jimilla da kansa. Dattijon da ke koyar da tarihi, wanda ya kusa ritaya, ya sa aka goge lissafin aka sake, ya ɗauko biro ya haɗa da hannunsa don ya tabbatar. Da ya ga sun yi daidai sai ya ce, "Ashe dararen da muke kwana kan takardun sakamako suna da magani." Daga nan bai tashi daga kujerar ba har aka buɗe ƙofa.

Dole ce ta sa muka tashi tsaye. Tun 2015 JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta daina jarrabawar takarda, komai a kwamfuta ake yi. WAEC ma ta fara gwada hakan a 2024 da masu zana jarrabawa da kansu, ba ta hannun makaranta ba. Hatta jarrabawar TRCN ta rajistar malamai a kwamfuta take. A JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yarinyar da ta ɓata minti goma tana neman inda za ta danna, ta yi asarar lokacin tambayoyi 15 tun ba ta fara ba. Na sha ganin masu ƙoƙarin ajinmu sun dawo da hawaye, karatun na nan a kansu, na'urar ce ta firgita su. Kamar a ɗauki wanda bai taɓa shiga ruwa ba a jefa shi kogin Matan Fada ranar kamun kifi, a miƙa masa gora da homa a ce ya kamo giwan ruwa. Alhali abin bai taka kara ya karya ba: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya. Sai dai malamin da shi kansa ke tsoron madannai ba zai iya cire wa ɗaliba tsoronsu ba.

Da hantsi iyaye suka fara shigowa. Mata sun fi yawa, don mazan suna fadama wajen shinkafar rani, wasu kuma kasuwa. Yawancin wayoyin ƙanana ne masu madannai, manyan kuma da yawa gilashinsu ya tsage. Wata baiwar Allah mai soya kifi ta zauna kusa da ni, ta kwance wayarta daga bakin zane ta ce, "Malama, ni ko baƙin boko ban sani ba, mi kinka kira ni in yi?" Na ce, "Inna, ai magana kin iya." Na nuna mata alamar makirfo a WhatsApp, na ce ta danne ta faɗi abin da ke ranta, in ta gama ta saki. Saƙonta na farko ga malamar ajin 'yarta ta tura, ta gaishe ta, ta tambayi gida, sannan ta ce a riƙa gaya mata duk ranar da yarinyar ba ta zo ba. Da wayar malamar ta yi ƙara a can ƙarshen ɗaki muryarta ta fito, sai ta rufe baki da mayafi, mata suka ɗauki guɗa.

Ita ce kuma ta yi tambayar da ta fi kowace nauyi a yau: "To in ta ɗauki wagga waya ta shige ɗaki, ƙaƙa zan gane karatu take ko kallon raye-raye?" Ɗakin ya yi tsit, don tambayar kowa ce. Mun daɗe a kanta. Na nuna musu inda babbar waya ke lissafa lokacin da aka ɓata a kowace manhaja. Ko ba ka iya karatu ba, ka san hoton TikTok, ka san dogon layi da gajere. Amma na gaya musu gaskiya, wannan ba shi ne babban makami ba. A sa yarinya ta yi karatun wayar a tsakar gida inda ake ganinta. In ta gama, uwa ta ce, "Faɗa mini da Hausa abin da kika ji." Wadda ta saurari darasi za ta iya maimaitawa, wadda ba ta saurara ba za ta yi ta kame-kame, kuma uwa ba ta buƙatar satifiket kafin ta gane bambancin. Da dare kuma waya ta kwana a ɗakin uwa. Lokacin korona a 2020, da aka rufe makarantu ana darasi ta rediyo, yaran da suka dawo mana da karatunsu su ne waɗanda wani babba a gida ke zaunar da su gaban rediyon, ko da shi bai fahimci darasin ba.

Wani dattijo ya miƙe ya ce shi ba zai saya wa ɗiyarsa waya ba, ya ga abin da ta jawo a gidajen mutane. Ban ga laifinsa ba, ni ma uwa ce. Na ce, "Baba, ba mu ce a saya mata ba. Taka za ka ara mata bayan isha'i, a gabanka, rabin awa." Bai ce ya yarda ba. Ya ce zai duba, kuma ya zauna har aka tashi.

Batun data ya taso, dole. Akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, rajista kyauta, darussa jingim. To amma tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025, uwar da ke lissafin kuɗin cefane ba za ta bar bidiyo na gudu ba. Sai muka tsaya a kan hanyar da mutanenmu suka riga suka saba: yadda ake kai memori kasuwa a zubo karatun Alƙur'ani da wa'azi, haka mu malamai za mu naɗi darussa da muryoyinmu, Turanci da bayanin Hausa, mu zuba wa kowa. Ƙaramar waya ma na ɗauka, ba data, ba neman sabis.

Mun rufe da maganar NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, don tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Na roƙe su su duba suna da ranar haihuwa su dace da na makaranta tun yanzu, kuma layin da aka karɓi lambar rajista da shi a adana shi kamar takardar gona. Duk wanda ya bugo ya ce zai ƙara wa yaro maki, ko ya nemi lambar sirri, a kashe waya a zo a tambaye mu.

Na dawo gida bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura. Zuwa magariba saƙonnin murya sun fara shigowa, wata na tambayar ko za a sake zaman don kishiyarta ba ta samu zuwa ba. Za a sake, in sha Allah. Yanzu jira nake yara su yi barci gidan ya yi shiru, in naɗi darasin farko. Litinin kuma zan nemi shugaba ta ba 'yan aji huɗu da biyar awa guda a mako a ɗakin nan, kada su ma sai sun kai aji shida.