Darussan da Na Koya Wajen Ɗaukar Hoton Karen Azawak

Mai ɗaukar hoto a Maraɗi ya saba da biki da suna da hoton katin shaida, idan kuwa aka ce dabba, to ragon layya ne ko jar akuya da ake son nuna wa mai saye ta waya. Hoton kare bai cika zuwa ba. Ni ma ya zo mini ne ta hannun wani dattijo mafarauci daga wajen Dakoro, wanda wani mai kiwon karnuka a Faransa ya roƙa ya aika masa hotunan karnukansa na Azawak a irin tsayuwar da ake yi gaban alƙalin gasar nuna karnuka.

Karen Azawak, wanda ya samo sunansa daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, ya isa Turai a farkon shekarun 1970, kuma ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, mai mazauni a Beljiyam, ta amince da ƙa'idar siffarsa. Namiji yana kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, mace 60 zuwa 70, tsayinsa ya ɗara tsawon jikinsa, kusan 10 bisa 9, sannan ƙugunsa yana daidai da kafaɗa ko ya ɗan fi ta tudu. Da na fahimci waɗannan, sai na gane cewa wanda ya nemi hoton, awo yake so ya yi da idonsa daga nesa, kuma duk abin da ya karkatar da wannan awo ya ɓata aikin, komai kyan launi.

Tsayuwar kanta tana da tsari. Ƙafafun gaba su sauko a miƙe daga ƙarƙashin kafaɗa, kuma idan za a gyara su, daga gwiwa ake kamawa a ɗaga a ajiye, domin kare yana janye ƙafarsa da zarar an riƙe tafinta. Ƙafafun baya su tsaya daidai da juna, ba tare da an ja su can baya ba kamar yadda ake yi wa wasu karnukan Turai, saboda jan su yana saukar da ƙugu, ya kuma tsawaita jiki, sai karen ya fito da siffar da ba tasa ba. A ganina nan ne masu kwaikwayon hotunan intanet suka fi ɓata rawarsu da tsalle, domin tsayuwar karen makiyayan Jamus, mai ƙafar baya ɗaya a gaba ɗaya a baya, tasa ce shi kaɗai.

Duk wannan gyara kuma aikin mai kare ne. Azawak ba ya sakin jiki da baƙo, kuma tun kafin in matsa dattijon ya ce mini, “Ɗana, tsaya can inda kake, bai san ka ba.” Shi ya sa hannu ƙarƙashin haɓar karen, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana shafa bayansa har jikin ya saki, yaronsa kuma ya tsaya gaba da ɗan guntun kilishi a hannu. Da yaron ya yi fito, wuyan ya miƙe, ido ya tsaya wuri ɗaya, wannan ɗan lokacin ne kawai na danna kyamara.

Sauran darasin a kan gwiwoyina na koye shi. Hoton da aka ɗauka a tsaye yana gajarta ƙafafu, don haka dole ne a durƙusa har kyamara ta yi daidai da kafaɗar karen, a fuskanci tsakiyar jikinsa ta gefen hagu, wanda shi ne gefen da alƙali ya saba gani. Wayar hannu idan ta matso kusa tana kumbura duk abin da ya fi kusa da ita, gara a ja da baya a jawo hoton daga nesa. Launin mafi yawan karnukan nan irin na rairayinmu ne, shi ya sa nake neman duhun ganyen dogon yaro a bayansu, kuma da sassafe, tun ƙasa ba ta yi zafin da zai sa kare ya riƙa ɗaga ƙafa ba. Ciyawa ma tana ɓoye tafin ƙafa, sai an sami fili shararre.

Wani abokin aikina da ya ga hotunan ya ba ni shawarar in share haƙarƙarin da kwamfuta, kada a ce yunwa ake bar wa dabbar. Na ƙi, domin ƙa'idar wannan iri tana son ƙashi da tsoka su bayyana ƙarƙashin siririyar fata, kuma na zaɓi hasken safe mai zuwa daga gefe ne musamman don ya fito da su.