Kalmar da aka cusa mini a takardar roƙon sassauci

Duk lokacin da na ga an rubuta "mitigate against" a takardar kotu sai raina ya ɓaci. Wasu na ganin ba wani abu ba ne, alhali saura ƙiris ya jawo wa wani mai gyaran babur ƙarin watanni a gidan yari.

An same shi da laifin karɓar kayan sata, aka zo matakin da muke kira allocutus, wato roƙon sassauci kafin a yanke hukunci. Na tsara dalilaina a rubuce: bai taɓa laifi ba, yana da iyali, kuma babur ɗin ya koma hannun mai shi. Na ce waɗannan dalilai suna mitigate ɗin hukuncin, wato suna sassauta shi. Babban lauyan da nake ƙarƙashinsa ya sa jan biro ya mayar da jimlar "mitigate against the convict". Na ce, "Oga, ai wannan ya juya maganar." Ya ce tun kafin a haife ni haka yake rubutawa. Na ja bakina na yi shiru.

Mai gabatar da ƙara bai bari ta wuce ba. Ya miƙe ya ce ga shi ni da kaina na yarda dalilan suna ƙara wa mutumin nauyi. Alƙali ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, wanda nake karewa kuma yana tsaye a akwati yana zufa, bai san me ake ciki ba.

Ɗan Latin ɗin da na koya a jami'a shi ya fitar da ni. Na ce, "Ya mai shari'a, kalmomi biyu ne aka cakuɗa." Militate daga miles take, wato soja, ita ce ke tafiya da against domin yaƙar abu take nufi. Mitigate kuwa daga mitigare ce, tushenta mitis, mai laushi, kuma kai tsaye take faɗawa kan abin da ake sassautawa: poenam mitigare, sassauta hukunci. Babu contra, wato against na Latin, a tsakani, ba a kuma taɓa buƙatarsa ba. Alƙali ya yarda aka gyara. Amma da ya ƙi fa?

Da daddare na buɗe ƙamus ɗin Latin na Lewis da Short na 1879, sai na tarar da abin da ban zata ba. Wurin Rumawa mitigare ba kalmar kotu ba ce da farko. Cicero ya yi amfani da ita kan dafa abinci a wuta har ya yi laushi, Horace kuma kan gyara dajin da za a noma. Virgil ya kira nunannun 'ya'yan itace mitia poma. Abin yana nan bai ɓace ba, taurinsa ne kawai ya tafi, kamar wake da aka sa wa kanwa. Haka hukunci yake bayan sassauci: yana nan, zafinsa aka rage. To ta ina against zai shigo?

Kuma ba mitigare kaɗai ba ce kalmar sassauci a Latin. Levare daga levis take, mara nauyi, ana sauke wa mutum kaya ko damuwa da ita, ita ta haifi alleviate. Lenire ta fi dacewa da raɗaɗi da fushi. Placare lallashin wanda ya fusata ne, mutum ko abin bauta, sedare kuwa kwantar da tarzoma. Ko palliative da ta cika bakin 'yan Najeriya bayan cire tallafin mai a 2023, daga pallium take, mayafi: a lulluɓe ciwo ba tare da an warkar ba.

Wadda ta fi canza mini aiki ita ce extenuare, daga tenuis, siriri. Ita laifin kansa take ƙanƙantawa, mitigare kuwa hukuncin take taɓawa. Ga ƙannena da suka fara zuwa kotu: idan alƙali ya riga ya tabbatar da laifi, kada ku tsaya kuna nuna masa laifin bai kai ya kawo ba, hakan fusata shi yake yi. Ku roƙi sassauci kan hukuncin. Kuma duk takardar da wani ya sa wa biro, ko da ogan ne, ku sake karanta ta kafin magatakarda ya buga mata hatimi.