Abin da dara ta koya mini a ajin firamare

Littafin darasin zamantakewa yana da hanya ɗaya ta koyar da bambancin al'adu: Bahaushe da babbar riga, Bayarabe da agbada, Ibo da jar hula. Yara su haddace, su ci jarrabawa, a filin wasa kuma kowa ya koma wajen 'yan yarensa. A makarantar da nake koyarwa a Kaduna, inda aji ɗaya ke haɗa yare biyar ko shida, wannan hanyar ba ta kai ni ko'ina ba. Dara ce ta kai ni.

Kayan aikin ba su da tsada: kwalin ƙwai a yanka shi gurbi 12, sai ƙwallon dabino 48, huɗu-huɗu a kowane gurbi. Da yaran suka gani, kowa ya ce wasan gidansu ne. 'Yan Hausa suka ce dara, 'yan Yarabawa suka ce ayo, na kuma gaya musu cewa a Ghana oware ake ce mata.

Inda karatun yake shi ne wajen gardamar doka. Mu a dararmu mun saba a ci gida idan gurbi ya cika huɗu. A oware ta manya kuwa, biyu ko uku ake ci a ɓangaren abokin wasa, kuma idan 'ya'yansa suka ƙare dole ka zuba masa in kana da hali, don wasa ya ci gaba. Da farko sai ihun "Malama, maguɗi yake yi!" Sai na kafa ƙa'ida: yau da dokar gidan wane za a buga, shi ne kuma zai koya wa sauran. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta tsaya tana gyara wa monita hannu, tana faɗin yadda kakarta ke yi.

Lido kam na ajiye shi gefe, ko da yake daga wasan pachisi na Indiya ya samo asali kuma da labari a bayansa. Wasu iyayen da sun ji an jefa ɗan lido sai su ce caca ake koya wa 'ya'yansu, ni kuma ba ni da lokacin wannan shari'ar.

Zangon gaba ina so mu gwada bao, irin darar Zanzibar mai gurbi 32, idan mai sayar da ƙwai ya ci gaba da ajiye mini kwalaye.